Yaushe za mu ga asirin gidajenmu a fim ɗin Garwa?

Duk wanda ya zaga Fulɓere ko Rumde Ajiya bayan sallar isha'i ya san yadda iyalai ke taruwa gaban talabijin su kalli Daɗin Kowa, wasan da tashar Arewa24 ke shiryawa a Kano. Garin ƙirƙirarre ne, ƙarami, kowa ya san kowa, kuma kusan kowane gida da abin da yake ɓoyewa. Muna dariyar Kamaye da Adama har da hawaye, saboda mun san irinsu a unguwa.

To amma dariyar ta aro ce. Asirin da ke cin gidajenmu a Pitowa, Gidar ko Lagdo ba mu taɓa ganinsa a allo da harshenmu ba. Misali, mutum ya yi aure a ɓoye a garin da yake fatauci, sai ranar rabon gado mace ta bayyana da 'ya'ya uku. A zaure abin dariya ne, kowa na ƙus-ƙus. A cikin gida kuwa marayu ne ake shirin hana wa haƙƙinsu.

Wasu dattawanmu za su ce wannan tonon silili ne, kuma kunya, wadda Fulani ke kira semtende, ita ce adonmu. Ba mu musa ba. Sai dai rufin asiri daban, rufa wa zalunci asiri daban. Djaili Amadou Amal, 'yar Marwa, ta rubuta littafi kan auren dole da haƙurin da ake ɗora wa mata, ya ci kyautar Goncourt ta ɗalibai a Faransa a 2020. Amma da Faransanci yake, kuma da yawa daga matan da abin ya shafa ba za su iya karanta shi ba. Fim da Fulatanci da Hausa zai shiga har ɗakinsu, kuma raha ke sa maigida ya zauna ya kalla bai tashi da fushi ba.

Kada a kawo mana uzurin rashin sinima. Gidajen kallo uku da suka rage a Kamaru, a Yawunde, Duwala da Bafusam, an rufe su a 2009, kuma waɗanda aka buɗe daga baya a kudu suke. Marigayi Ibro, wanda ya rasu a 2014, ta kaset da faifai ya mamaye gidajenmu. Yau ga waya a hannun kowa. Abin da ya rage mana shi ne marubucin da zai zauna a kasuwar Pitowa ran Lahadi ya saurara, da attajirin da zai saka kuɗi ko da labarin ya yi kama da na gidansu.