Wa Ya Ce Bature Ne Ya Koya Mana Gilashi?

Har gobe akwai masu bugun ƙirji suna cewa baƙar fata bai san gilashi ba sai da Turawa suka sauka da madubi. To, su je Bida. A unguwar Masaga, tun kafin mulkin mallaka ake haɗa yashi da kanwa, a toya su har su zama baƙin gilashi, a ƙera mundaye da duwatsun wuya, fatake su kai kasuwannin Hausa. A Ile-Ife kuwa, masu tonon tarihi sun gano ana narka gilashi tun ƙarni na 11.

Abin da Bature ya kawo shi ne kwalba. Da kwalabe suka cika gari, narka su ya fi toya yashi sauƙi, sai Masaga suka koma kansu. Mundaye ba su ƙare ba, amma sirrin yin gilashin daga tushe ya kwanta.

Kada dai mu ɗora wa Bature komai, ya tafi tun 1960. Kullum manyan motoci na kwashe yashin kogin Wudil zuwa wuraren gini, mu kuma muna sayen kofin shayi daga Sin. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin gilashi, nan Wudil ga jami'ar kimiyya. A ɗebi buhu ɗaya na yashin nan a kai ɗakin gwaji, a faɗa mana ko zai yi kwalbar zuba man gyaɗa.