Maigida da Mai Gidan Haya

A nazarin Abner Cohen na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, maigida shi ne mai saukar da fataken shanu da goro, ya tsaya musu wajen ciniki da bashi. Amana ce ta riƙe wannan hulɗa, domin kowa ya san asalin kowa.

Masu gidajen haya a Samaru ko Kabuga sun gaji sunan, ba su gaji sanayyar ba. Dillali ke kawo ɗan haya, ya karɓi la'adarsa, ya kama gabansa. Duk da haka sai a ji nauyin rubuta yarjejeniya, wai kada a ce ba a yarda da mutum ba. Ranar da masai ya cika, ko rufi ya fara yoyo da damina, sai a rasa wanda gyaran ya hau kansa.

A ganina a rubuta komai da Hausa, gaban shaidu biyu: kuɗin shekara, rabon kuɗin wuta, wa'adin tashi. Fiƙihun Malikiyya ma ya sharɗanta sanin kuɗin haya da tsawon lokacinta. Ƙarin kuɗi kuwa, a sanar da shi tun saura wata uku, ba ranar sabuntawa ba.