Masallacin Unguwa Ginshiƙin Zamanmu

Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, duk inda kakanninmu suka yada zango sai sun fara kafa masallaci da makarantar allo. Haka Hausari ta ginu a Nguru, haka unguwar Sarkin Hausawa a Gashuwa. Zawiyar Shehu Muhammadu Gibrima ta tara Manga da Bahaushe da Bafulatani a sahu ɗaya, ba a tambayar asalin kowa.

Yau a sababbin unguwanninmu na bayan gari, kwamitin masallaci ne ke gyara rijiya, ya sasanta maƙwabta, ya yi jana'izar baƙo. Amma idan 'yan Ɗariƙa da 'yan Izala suka daina gaisawa, wa zai tsaya mana ranar rikicin fili? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sashe na 38 da na 43 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini da na mallakar fili ko'ina a Nijeriya. Don haka mu nemi takardun filayen masallatanmu, mu girmama cocin maƙwabtanmu. Allah Ya haɗa kanmu.