Dokar Ban Ruwan Ciyawa A Las Vegas: A Fara Da Ado Kafin A Taɓa Abin Sha

Kowace shekara, daga ranar 1 ga watan Mayu zuwa 31 ga watan Agusta, watau lokacin da zafi ya fi tsananta a Amurka, hukumar ruwa ta birnin Las Vegas takan hana kowa fesa wa ciyawar gidansa ruwa tsakanin ƙarfe 11 na safe da ƙarfe 7 na yamma, domin a waɗannan sa'o'i rana ce ke shanye yawancinsa. Ranar Lahadi kuwa babu ban ruwa ko kaɗan, duk tsawon shekara. Idan sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rana ɗaya tak aka yarje wa kowane gida a mako, a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba kuma kwana uku. Akwai ma'aikata masu zagaya unguwanni cikin motocin hukuma, wanda duk suka tarar ruwansa yana malala kan titi za a yi masa gargaɗi, in ya sake a ci shi tara, tarar kuwa ninkawa take yi.

Wasu mazauna birnin suna ganin wannan shisshigi ne cikin harkar gidan mutum. Hujjarsu ita ce tun da su ke biyan kuɗin ruwansu, ba ruwan hukuma da yadda suka ga damar kashe shi. Wannan magana tana da daɗin ji, amma duk wanda ya dubi inda ruwan yake fitowa zai ga ba ta da ƙafar tsayawa.

Las Vegas tana tsakiyar hamada ne, a Jihar Nevada. Ruwan saman da take samu a shekara bai wuce inci huɗu ba, kamar na Agadas ko ƙasa da haka. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na ruwan da take sha daga Tafkin Mead yake zuwa, wanda madatsar Hoover ta tara a kan Kogin Kolorado. Jihohi bakwai ne suka dogara ga wannan kogi, ga kuma ƙasar Meziko. Rabon Nevada an yanke shi tun cikin 1928, zamanin da mutanen Las Vegas ba su wuce dubu biyar ba, shi ya sa rabon Kalifoniya ya kusa ninka nata sau 15. Yau mutum fiye da miliyan biyu ke zaune a birnin da kewayensa, rabon kuwa bai ƙaru ba, sai ma raguwa da ya yi bayan Gwamnatin Tarayya ta bayyana ƙarancin ruwa a kogin cikin watan Agusta na 2021, karo na farko a tarihi. A watan Yuli na 2022 abin da ya saura cikin tafkin bai wuce kashi 27 cikin ɗari na cikarsa ba. Kuɗin da mutum ya biya na wahalar tacewa ne da turo ruwan zuwa gidansa, ba ya ƙara wa tafki ko da cokali ɗaya.

Dalilin da ya sa doka ta nufi ruwan waje, ta ƙyale na cikin gida, shi ma a fili yake. Kusan duk ruwan da aka yi wanka ko wanki da shi a birnin, ana tace shi a mayar da shi Tafkin Mead, kuma kowane galan da aka mayar yana ba jihar damar sake ɗiban wani galan. Amma wanda aka zuba wa ciyawa ya tafi ke nan, rana ta shanye wani, ƙasa ta shanye saura. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na ruwan yankin a waje ake kashe shi. Saboda haka hukumar ta sa gatari inda ɓarnar take, ba ta je tana ƙidaya wa uwar gida tulunan girkinta ba.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne hukumar ba ta tsaya ga tara kaɗai ba. Tun daga 1999 take biyan mai gida kuɗi a kan kowace ƙafa murabba'i ta ciyawar da ya cire ya maye gurbinta da itatuwa da tsirrai masu jure fari. A 2003 aka hana shuka ciyawa a gaban sababbin gidaje. A 2021 Majalisar Dokokin Nevada ta zartar da dokar da ta ce daga farkon 2027 ba za a ƙara ba ciyawar ado ruwan Kolorado ba, watau irin wadda ke tsakiyar tituna da gaban ofisoshi da kamfanoni, wadda ba mai taka ta sai mai yanke ta. An bar ta makarantu da filayen wasa da wuraren shaƙatawar jama'a. A 2022 kuma aka ƙayyade faɗin sabon wurin ninƙaya na cikin gida, kada ya wuce ƙafa murabba'i 600. Sakamakon ya bayyana: tsakanin 2002 da 2021 jama'ar yankin sun ƙaru da kimanin mutum 750,000, alhali ruwan Kolorado da suke cinyewa ya ragu da kusan rubu'i.

Duk da haka akwai gyara. Na farko, tara ba ta tsorata mai hannu da shuni, yakan biya ta kamar kuɗin cefane ya ci gaba da abin da yake yi. An ga haka a wasu unguwannin attajirai kusa da Los Anjeles, har sai da hukumar ruwan wurin, cikin 2022, ta riƙa ɗaura wa masu taurin kai wani ƙarfe a bakin bututu mai rage ƙarfin ruwan. Dokar da talaka kaɗai ke jin zafinta ba za ta samu biyayya ba. Na biyu, inda aka cire ciyawa da garaje aka manta da itatuwan da ke sha tare da ita, itatuwan kan bushe, unguwa ta ƙara zafi. Wajibi ne a tsare inuwa, domin ita ba ado ba ce. Na uku, kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan da ake ɗiba daga kogin gonaki ne ke shanye shi, musamman na abincin dabbobi. Komai tsimin mutanen birni, kogin ba zai farfaɗo ba sai manyan manoma ma sun ɗauki nasu kason.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A manyan biranen Arewa, da zarar bazara ta kankama famfunan cikin gari sukan ƙafe, kuɗin jarka ya hau, yara su kwana a layin rijiyar burtsatse, ɗalibai su fita neman ruwan wanka kafin su shiga aji. A daidai wannan lokaci ba wuya a ga tiyo yana kwarara kan furannin harabar wani ofis da tsakar rana, ko ana wanke mota ruwan yana bin kwata, ko kuwa bututu ya fashe ya yi mako ba wanda ya kula. Mai burtsatse a gidansa ma ba shi da hujjar cewa nasa ne, gama ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba, abin da ya zuƙa fiye da kima daga rijiyar maƙwabcinsa ya fito.

Ya kamata hukumomin ruwa na jihohi da ƙananan hukumomi su tsara ƙa'idar amfani da ruwa a waje tun kafin bazara ta zo, su sanar da ita a rediyo cikin harshen da jama'a ke ji, su ƙayyade ranaku da sa'o'in ban ruwa, su sa mita ga manyan masu amfani da ruwa. Amma tilas su fara da harabar ma'aikatun gwamnati da gidajen manyan ma'aikata da nasu fasassun bututun. Ranar da talaka ya ga ciyawar sakatariya ta bi doka, ba sai an aika masa da ɗan sanda ba kafin ya rufe famfonsa.