Bencin da Aka Kafe da Ƙusa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin karatun firamare ya san fasalinsa: baƙin allo a gaba, sa'an nan dogayen bencina a jere kamar kunyoyin gona, an haɗe kowane da teburinsa an kafe da ƙusa. Yara kuwa kowa na kallon ƙeyar ɗan'uwansa. Sa'ad da aka gaggauta gina azuzuwa ko'ina a Nijeriya domin shirin ilmin firamare kyauta na 1976, wannan fasali aka yi ta maimaitawa, har ya zama kamar farilla.

To, wannan ɗaki wa aka yi wa? Malami aka yi wa, da mai duba makaranta, don su ƙirga kawuna da sauƙi. Yaron da rabonsa ya kai shi bencin baya ba ya ganin rubutu sosai, ba ya jin malami, sai dai ya bi amon 'yan'uwansa yana motsa baki. Ya shekara shida a haka, ya fita bai iya karanta wa ubansa wasiƙa ba, a ce wai daƙiƙi ne. Alhali kuwa wurin zama ne ya cuce shi.

Ba yau masana suka gane haka ba. Cikin 1907 wata likita mai suna Mariya Montessori ta buɗe makarantar ƙananan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Roma, a ƙasar Italiya. Ta sa aka yi kujeru da tebura ƙanana marasa nauyi, waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa, aka ajiye kayan aiki daidai inda hannunsa ya ke kaiwa. Kowane yaro ya ɗauki aikinsa ya tafi da shi gwargwadon fahimtarsa.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai yi mamaki ba. Can ma kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya, na gaba yana biya wa na baya, in zaure ya yi zafi a koma gindin bishiya. Bulala dai ba abin koyi ba ce, amma zaman yana da hikima.

Masu gardama sukan ce babu kuɗi. Ai katakon da kafinta ya ke yin dogon benci da shi zai fid da 'yan kujeru, tabarma kuwa ta fi su araha. Sukan kuma ce yara za su cika ɗaki da surutu. Za a ji surutu, gaskiya ne, amma na yara biyar da suka kewaye littafi guda suna gardamar harafi, malami yana zagawa yana gyara musu.

Ya kamata iyayen da suka yaƙi jahilci da girmansu su je makarantar garinsu su zauna a bencin baya, su duba ko za su iya karanta abin da ke jikin allo, kafin a sāke ba kafinta aiki.