Motocin Ƙwanji, Akori-kura da 'Yancin Buɗe Bonet

A watan Janairun 2020 an yi gwanjon wata tsohuwar mota ƙirar Ford Mustang ta shekarar 1968 a jihar Florida ta Amurka, aka saye ta a kan dala miliyan 3.74. Fentinta ya koɗe, ga tsatsa a jiki, amma ita ce Steve McQueen ya tuƙa a titunan San Francisco cikin fim ɗin Bullitt. Irin wannan labari ne ke sa mu ɗauka cewa riƙon tsofaffin motoci sha'awa ce ta waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne talakan Ba'amurke, manomi ko mai walda, wanda yake tayar da akori-kurar da ta girme shi, ya je aiki da ita. Me ya sa tsohuwar mota ke zama dukiya a can, a nan kuma ta ƙare a sikelin 'yan gwangwan? Wannan ce tambayar da nake son mu duba a wannan mako.

Motocin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da na ƙwanji sun samo asali ne daga wata dabara. Kamfanin General Motors yana da ƙa'idar da ta hana sanya ƙaton inji a matsakaiciyar mota. A 1964 wasu injiniyoyin reshensa na Pontiac, ciki har da John DeLorean, suka kewaye ƙa'idar: suka ɗauko inji mai silinda takwas, mai faɗin lita 6.4, suka dasa shi a motar Tempest a matsayin zaɓi ga mai saye, suka sa mata suna GTO. An yi kirdadon sayar da 5,000, sai aka sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko. Nan take sauran kamfanoni suka shiga gasar. Dodge ya fito da Charger, Plymouth ya kawo Road Runner, kafin 1970 kuma Chevrolet ya kai ga Chevelle mai injin lita 7.4 da ƙarfin doki 450, wato kimanin ninki uku na Corollar da ta cika titunanmu.

Wannan zamani bai cika shekara goma ba. Kamfanonin inshora suka ɗora kuɗi mai nauyi a kan matasan da ke tuƙa su, saboda yawan haɗurra. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, abin da ya rage wa injunan kuzari. Sannan a watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, gangar ɗanye ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Gwamnati ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyi zuwa mil 55 a sa'a, kusan kilomita 89. A 1974 aka rufe babin GTO ta asali.

A nan ne tarihinsu ya haɗu da namu. Tashin farashin da ya karya motocin ƙwanji shi ne ya cika baitulmalin Najeriya. Da kuɗin man nan aka biya ma'aikata ƙarin Udoji, a 1975 kuma masana'antar harhaɗa Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki. Daga can Fijo 404 da 504 suka bazu, har da akori-kurarsu, wadda ta yi shekaru tana dakon hatsi da albasa da tumaki da fasinja tsakanin ƙauye da kasuwa. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Ashe mu ma muna da tamu tsohuwar mota mai tarihi, wadda hannun 'ya'yanmu ya ɗaure wa noti.

To, me suke yi da ba mu yi? Abu na farko shi ne kayan gyara. Mai akori-kurar Chevrolet C10 ta tsakanin 1967 da 1972, ko Ford F-100, yana iya yin odar kusan komai sabo, tun daga ƙofa da gilashi har robar taga, domin akwai ƙananan masana'antu da sana'arsu ke nan. Masu wannan harka sun kafa ƙungiyarsu ta SEMA tun 1963, suna baje koli duk shekara a Las Vegas. Injin Chevrolet mai silinda takwas da aka fara ƙerawa a 1955 ya haura miliyan 100 a 2011, saboda haka wanda nasa ya buga ba ya rasa madadi. Ba sa jin kunyar sauyi kuma. Sukan cire kafireto su sa na'urar fesa mai ta zamani, su canza tsohon birki da mai faifai, su bar bodin yadda yake.

Abu na biyu shi ne rubutu. Kowace ƙira tana da littafin gyaranta, mai bayyana tazarar bakin fulogi, da ƙarfin da za a ɗaure kowane noti, da taswirar wayoyin lantarki. Yaro ɗan shekara goma sha shida yana iya buɗe littafin ya kwance injin da aka ƙera kafin a haifi mahaifinsa.

Abu na uku shi ne doka. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafa iri ɗaya da ake jona na'urar bincike, domin kowane gareji ya iya karanta matsalar inji. Da kamfanoni suka fara ɓoye bayanai, jama'ar jihar Massachusetts suka kaɗa ƙuri'a a 2012, suka sake a 2020, cewa mai mota da bakanikensa suna da haƙƙin samun bayanan gyara. Wanda ya taso yana buɗe bonet da kansa ba zai yarda a kulle masa shi ba.

Idan ana maganar basira, ban ga inda suka fi mu ba. Duk wanda ya shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san abin da hannun mutanenmu ke iyawa. Bakanikenmu yakan ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki lodi, ya dasa injin wata ƙira a jikin wata, ya gano ciwon inji da kunne kawai. Sai dai ilimin nan a ka yake zaune. Ranar da tsohon maigidan gareji ya kwanta dama, rabin abin da ya sani ya bi shi. Yaransa kuwa ga su da sifana a gaban 'yar Kwatano mai kwamfuta, ba na'urar bincike, ba littafi, sai canke: a cire wannan, a gwada wancan, mai mota yana biya. Sana'ar da ta ciyar da gidaje masu yawa tana zamewa daga hannun masu ita a hankali.

Ba ina kira a koma ga injin lita bakwai ba ne. Motocin ƙwanji mashaya mai ne, birkinsu bai kai gudunsu ba, ba su da jakar iska mai kare rai, kuma tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 babu mai hankalin da zai yi marmarinsu a nan. Su kansu Dodge sun daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023. Darasin yana cikin al'adar gyara da sauyi. Mayar da mota ta koma amfani da iskar gas, wanda ake ta kira a yi yanzu, aikin sauya inji ne, kuma ba zai yi albarka ba sai a hannun wanda ya fahimci abin da yake taɓawa. Tulun gas da aka ɗaura da ka, bam ne a bayan mota.

A matsayina na malamin jami'a, nakan ga kundayen bincike na ɗalibai jibge a kan kanta, ƙura ta rufe su, alhali garejin da ke bakin ƙofar makaranta cike yake da tambayoyin da ba wanda ya amsa. Sassan koyar da injiniyanci a jami'o'i da kwalejojin fasaha suna iya tura ɗalibai su zauna da tsofaffin makanikai, su rubuta abin da suka sani da Hausa, da zane da awo, a buga a sayar da araha. Su kuma ɗaliban su koya wa yaran gareji karanta na'urar bincike. Ƙungiyoyin makanikai su haɗa kuɗi su sayi na'urorin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba. Gidajen tarihinmu na Kaduna da Kano kuma su nemi akori-kura 404 da 504 masu lafiya, ko guda ɗaya ɗaya ce, su adana tun kafin a yanka ta ƙarshe a auna a kilo.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya adana ta. Masu wannan ilimi suna nan da ransu a garejojinmu, kuma ba ƙuruciya suke ƙarawa ba. Mu haɗu a mako na gaba.