Simintin da aka ɗura ƙarƙashin baraj, wa ya gan shi?

Malamai da uwayen yara, kada ku ce maganar baraj ta injiniyoyi ce kaɗai. Ranar da madatsar ruwa ta ɓalle, gidajenmu da lakwal ɗin ƴaƴanmu ne ruwa ke fara ci. Mutanen Maiduguri sun gani a Satumban 2024, da madatsar Alau ta cika ta karye.

Baraj kan lalace daga ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ruwa na bin tsagar dutse yana kwashe ƙasa kaɗan-kaɗan har ya buɗe wa kansa hanya. Haka ta faru da madatsar Teton ta jihar Idaho a Amurka ranar 5 ga Yunin 1976, tun a cikarta ta farko, mutum 11 suka rasu. Madatsar Mosul ta Iraƙi kuwa a kan dutsen jifsum aka gina ta, mai narkewa cikin ruwa, shi ya sa tun shekarun 1980 ake ta ɗura mata siminti.

Gyaran kenan: a haƙa ramuka jere, a tura kunun siminti da ƙarfin inji ya cika tsagogin, ya daskare ya zama katanga a ƙarƙashin ƙasa. To amma wa ya ga inda kunun ya tafi? Ɗan kwangila na iya cewa ya ɗura buhu dubu, takarda ta nuna dubu, alhali rabi ya bi kogo ya faɗa gulbi, ko ma bai bar magaza ba.

A nan launi ke da amfani. In an gauraya simintin da garin launi, ja a zubin farko, baƙi a na biyu, sai daga baya a sake haƙa rami a zaro ɗan sandan dutse a duba. Launin zai nuna tsagar da ta cika da wadda ta rage fanko, ya raba sabon gyara da tsohon siminti. In kuma jan ruwa ya ɓullo a ƙasan baraj, kowa ya san akwai kafa.

Masu cewa wannan ƙarin kashe kuɗi ne, ni ban yarda da su ba. Kuɗin launi nawa yake in an gwada shi da kuɗin kwangilar, balle da rai guda? Wanda ya yi aikinsa tsakani da Allah ba ya gudun a duba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

An soma gina Kandaji a jihar Tilaberi, ga kuma ƙananan baraj da manoman rani ke dogaro da su a Tawa da Damagaram. Duk wanda aka ce za a gyara wa gindi, mu nemi a rubuta cikin kwangila cewa za a sa launi, a zaro dutse, a nuna wa wakilan gari.

Ku malamai, ku jera tsakuwa cikin kwalba, ku zuba kunun laka mai launi, yara su ga inda ya shiga da inda ya tsallake. Yaron da ya ga haka, in ya girma ba zai sa hannu kan takardar aikin da bai gani ba.